Irin Cittar Baba Azariya

A ƙauyenmu da ke bayan Kafanchan, in ana maganar citta to sunan Baba Azariya za ka ji. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya dariya sai dole. Shekara talatin yana noma, kuma shi ne dattijon ikilisiya da ke zagawa da farantin gurasa a coci ranar Jibin Ubangiji. Duk shekara in ruwan fari ya sauka, yakan yaye ciyawar da ya rufe irinsa a gindin mangwaro, ya ɗibar wa maƙwabta. Ni ma na ci arzikinsa, don haka ba daɗin ba da labarin nan nake ji ba.

Wata kaka ya tono gefen gonarsa, ya tarar cittar ta ruɓe tana wari. Ya mayar da ƙasa ya ja bakinsa. Mutumin da aka daɗe ana yabon irinsa, da wane baki zai ce akwai cuta a ciki? Lokacin shuka ya yi, ya raba kamar kullum. Kwandon farko ya ba Mama Milka, tsohuwar gwauruwa da ta binne miji da 'ya'ya biyu, take zaune ita kaɗai a bakin rafi.

Cikin Agusta ganye ya fara rawaya. Gonar Milka ce ta fara, don ta riga kowa shuka. Kafin sati uku warin ya cika ƙauyen. Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye mu, ba ma iya asara sai mun samo wanda za mu ɗora wa. Aka fara raɗa: ai daga gonarta abin ya tashi, ai wadda ta cinye 'ya'yanta ba za ta bar citta ba.

Aka daina gaishe ta. A coci duk bencin da ta zauna sai ya watse, har ta koma na can baya, inda waɗanda ke ƙarƙashin horo suke zama. Wata safiya ta tarar an sare gwandarta. Wani manomi, Christopher, wanda gonarsa duka ta tafi, ya faɗa a bainar jama'a cewa ranar Lahadi bayan sujadar coci za su raka ta bakin hanya, kuma kowa ya san irin rakiyar. Baba Azariya yana jin duk wannan. Ya rame, matarsa ta ɗauka zazzaɓi ne.

Ranar Asabar da yamma ya bi ta ƙofar Milka, ta tsayar da shi.

"Baba, ka yi haƙuri fa," in ji ta. "Iri mai kyau ka ba ni, ya zo ya lalace a hannuna."

Ya sunkuyar da kai, ya wuce.

Lahadi coci ta cika fiye da kullum. Ta taga ina hango sanduna jingine da bango, tsoro ya kama ni, amma na kau da kai. Fasto ya yi addu'a a kan gurasa, ya miƙa wa Baba Azariya faranti. Ya karɓa, ya yi taku biyu, ya dawo ya ajiye.

"Jama'a, cutan nan daga gonana ne," ya ce. "Na gani tun bara, na ɓoye, na raba muku. Matan nan, Milka, bai yi komai ba."

Christopher ya miƙe, ya daɗe a tsaye yana huci, sannan ya fice. Fasto ya ce wanda ya furta zunubinsa, jinin Yesu ya isa ya wanke shi, amma horo na ikilisiya yana nan, kuma cittar ba za ta dawo ba.

Baba Azariya ya bi tsakiyar coci a hankali har bencin baya. Mutum ɗaya ce a kai. Ya tsaya, ya kasa ɗaga ido.

"Allah ya gafarta maka, na sani," in ji Milka. "Ni dai sai ka ba ni lokaci."

Sannan ta janye zanenta, ta matsa masa.