Asabe, Ga Wasiƙar Rifkatu a Jakata

Shekara bakwai ke nan da rasuwar aminiyata Malama Asabe, Allah ya jiƙanta, kuma ban taɓa jin rashinta kamar a makon nan ba. Tare muka koyar a wata firamare kusa da barikin Shadawanka, inda yawancin ɗalibanmu 'ya'yan sojoji ne. Ni har yau ina nan, ina riƙe da ajin da ta bari.

Asabe ba ta yarda yaro ya rubuta wa iska wasiƙa. Sai ya zaɓi mutum na gaske: kaka a Zungur, aboki da aka yi wa ubansa canjin wurin aiki, ko uba da ke bakin daga. In ya gama sai ya miƙe ya karanta da ƙarfi. Inda ya ja numfashi ya sa waƙafi, inda maganar ta ƙare ya ɗiga aya. Wanda ya zuba zance babu tsayawa, sai ta kama ƙirji ta ce, "Kai, so kake ka kashe kakarka da haki?" Aji ya kwashe da dariya, yaro ya koma ya gyara. Ni nakan ce mata ta cika fitina, ita kuma ta ce ni na cika sanyi.

Yanzu kowa saƙon murya yake turawa a waya. Na san da tana raye da ta yi ta mita, amma ba wannan ya hana ni sukuni ba.

Akwai wata yarinya a ajina, Rifkatu. Ranar Talata uwarta ta tare ni a bakin ƙofa, idanunta sun kumbura. Ta ce an aiko mata cewa mijinta ya rasu a bakin aiki. "Malama, don Allah kar ki gaya mata. Bari kawunta ya iso daga ƙauye tukuna." Na yi mata alkawari.

Ranar Alhamis muka yi darasin wasiƙa, sai ga Rifkatu da takardarta: "Zuwa ga Babana." Ta miƙe ta karanta kamar sauran yara, ta ba shi labarin haƙorinta da ya fita, da akuyarsu da ta haihu. Ta miƙo mini ta ce, "Malama, ki gyara da kyau, Baba ba ya son rubutun banza."

Na gyara. Na ƙara waƙafi, na ce ta yi ƙoƙari. Ta ce in aika masa, na karɓa na sa a jaka.

Tun ranar nake kaiwa da komowa. Na yi mata ƙarya ne, ko na riƙe amanar uwarta? Asabe ta sha ganin irin wannan, na tabbata, amma ban taɓa tambayarta yadda take yi ba. Ina tsammanin muna da lokaci. Wallahi har haushinta nake ji, ta bar mini darasin kaf, ta tafi da abin da ake yi bayan darasin.

Abin da ya rage nata shi ne yaran da suka iya gaya wa na nesa abin da ke ransu a tsare, kuma suka yarda za a karanta. Rifkatu ta yarda. Kawunta bai iso ba, gobe kuma Litinin, za ta tambaye ni ko Baba ya ba da amsa.