Kunnen da Yaya Ya Ɗaure wa Jan Zare

Mutane na yawan tambayata me ya sa nake yawo da iyafis a kunne ɗaya, ɗayan yana reto a ƙirjina. Ba na ba su amsa, don amsar tana da tsawo kuma ba ta da daɗi. Yayana ne ya koya mini sauraro, ga shi kuma ba ya nan.

Lokacin muna ƙauyenmu, tsakanin Yankara da Faskari, wata shekara da kaka ya kai wake Funtua ya dawo da ƙaramar waya. Ba don kira ya saye ta ba, wa zai kira? Rediyon da ke cikinta yake so. Da ya kunna sai ta ƙi magana, ta rubuto masa wani abu da Turanci. Har ya yi niyyar mayar da ita, sai mai cajin waya na kasuwar Yankara ya yi masa dariya, ya ce ai rediyon irin wannan waya ba ta kamawa sai an soka mata iyafis, igiyar ita ce eriyarta. Haka abin ya shigo gidanmu, a matsayin eriya.

A ranar ne ya sa mini kunnuwan duka biyu, kuma daga ita bai sake ba. Mai karanta labarai yana magana, na waiga ina neman sa. Ba a gabana yake ba, ba a bayana ba, yana zaune ne a tsakiyar kaina. Ni da na saba da rediyon Baba, wadda maganarta ke cakuɗewa da kukan kaji da dakan mata, sai ga ni ina jin numfashin mutum, ina jin lokacin da ya haɗiye yawu, har da ƙarar takardar da yake juyawa. Na tsorata, amma ban so a cire ba. Yaya ya fizge abinsa.

"Ya isa haka nan," in ji shi. "Kak ka cika mani shi da dauɗar kunne."

Daga nan ciwon sauti ya kama shi, ni kuma na ɗauka a wurinsa. Ya sa aka tura masa waƙoƙi a memori. Ya gano cewa iyafis ba ɗaya ba ne: akwai mai faɗi da ke tsayawa a bakin kunne yana zubar da rabin sauti a waje, akwai mai 'yar roba da ke shigewa ciki ya toshe duniya. Ranar kasuwa sai ya tsugunna gaban mai kayan waya yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya, ido a rufe, har mutumin ya gaji ya ce ko ya saya ko ya ba shi wuri. Wannan ya cika ƙara, wancan kamar ana buga gwangwani, wancan ya cinye muryar mawaƙi. Mutumin da bai damu da irin rigar da ke jikinsa ba, a kan sauti ya fi kowa tsirfa. Daga ƙarshe ya dace da wani baƙi mai roba, ya ce ya gama nema. Ya warware jan zare daga tsohuwar hular Baba ya ɗaure a kunnen iyafis ɗin na dama.

"Mai zaren nawa ne, ɗayan naka. In na ishe ka da nawa a kunne, ni da kai ne."

Haka muka yi shekaru. In rana ta take a gona, mu zauna gindin ɗorawa kafaɗa da kafaɗa, don igiyar ba ta da tsawo, in ɗaya ya motsa sai ta fizgo kunnen ɗaya. Shi a haguna, ni a damansa, fura a tsakaninmu. Akwai waƙa guda da ya fi so, ta wani mawaƙin da ko sunansa ba mu sani ba, don a memorin lamba kawai aka sa mata. Waƙar noma ce, da kalangu da 'yan amshi. A tsakiyarta akwai wurin da mawaƙin ke yin shiru, kalangu kaɗai ke tafiya a hankali. Duk lokacin da aka zo nan sai Yaya ya lumshe ido ya kama wani gunji da hanci, siriri, yana hawa yana sauka, abin da ko kusa bai yi kama da kiɗan da nake ji ba. Haushi yake ba ni. Nakan zungure shi in ce, Yaya, don Allah ka bar mutane su ji waƙa, muryarka ba ta waƙa ba ce. Sai ya yi murmushi ya ce ni dai ban san komai ba.

Sai zaman lafiya ya fara ƙaranci. Ba sai na yi dogon bayani ba, duk wanda ya zauna Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara ya san abin da ƙarar babura da yawa ke nufi. Kunne ya zama abin da mutum ke tsira da shi. Dattawa suka hana samari toshe kunne a gona, aka riƙa fasa wayar duk wanda aka kama. Ko a cikin gari, wanda ya sa iyafis sai ya bar kunne ɗaya a buɗe. Mu wannan bai dame mu ba, dama can kunne ɗai-ɗai muke da shi. Abin da muka rasa shi ne zaman gindin ɗorawa, don an daina zama a gona, sai dai a yi aiki a tsaitsaye a gudo.

Wata safiya da damina ya ce zai je ya duba masara a gonarmu ta nesa, ta bakin daji. Inna ta hana, ya lallashe ta, ya ce dubawa kawai zai yi ya juyo. Ya zaro wayar daga aljihu, ya naɗe igiyar a jikinta yadda ya saba, ya miƙo mini.

"Riƙe mani. Ka ji da naka kunnen, ka aje mani nawa har in dawo."

Da azahar aka samu kekensa a jingine a kan kunya, da fartanyarsa, da takalmi ƙafa ɗaya. Babu jini, babu gawa. Mun jira a kira, kamar yadda ake kiran wasu, ba a kira ba. Duk wanda aka ce ya kuɓuto daga daji, ko a Mairuwa yake ko a Mabai, sai na je na tsugunna gabansa ina kwatanta masa Yaya: dogo, mai wushirya, yana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu. Wani ya ce kamar ya gan shi, wani ya ce mutanen da yawa, ba ya iya tunawa. Har Sabuwa na je a kan wata magana da ta zama ƙarya.

Ba mu yi masa sallah ba, ba mu zauna makoki ba. In an ambace shi, Inna takan ce, "Allah shi bayyana shi." Wata maƙwabciya ta taɓa kuskuren cewa Allah ya jiƙansa, Inna ta tashi ta bar mata tabarmar, ba ta sake shiga gidanta ba. Ni kuma abin da na riƙe shi ne kunnen nan mai jan zare. Nakan sa nawa na hagu, in cusa nasa cikin wuyan riga. Inna ta lura, ta san maganar da ya yi mini a bakin ƙofa, don tana wurin. Wani lokacin in na shigo sai in ga idonta ya sauka a wuyan rigata kafin ya hau fuskata. In ta ga zaren yana leƙowa sai ta ci gaba da abin da take yi.

Da ƙauyen ya watse muka koma Ƙanƙara, ɗaki biyu a gidan wani kawunmu. Na kama ɗinki. Ciwon sautin bai sake ni ba, ya ma ƙaru, don shi kaɗai ke rage mini tunani. Na sayi iyafis kala-kala, har da marar igiya, ina gwadawa ido a rufe kamar yadda ya koya mini, kuma duk da kunnen hagu kaɗai. Abokan aiki suna tsokanata wai ina sayen abu biyu ina amfani da rabi. Amma waƙarsa ba na jin ta sai da baƙin nan nasa. In aka zo wurin da mawaƙin ke yin shiru sai in ji kalangu kawai, babu mai yi mini gunji a gefe. Na tsani wurin, kuma ban taɓa tsallake shi ba.

Ba zan ɓoye ba, a cikin raina na daɗe da sanin gaskiya. Mutum ba ya ɓata shekara da shekaru a dajin nan ya dawo da ƙafarsa. Amma sani daban, faɗa daban, kuma muddin kunnen nan yana ajiye to akwai mai shi.

Bara, bayan sallar layya, kunnen hagu na baƙin iyafis ɗin ya fara yankewa. Sai na lanƙwasa igiyar ta wani gefe kafin ya yi magana. Na naɗe ta da zare, na naɗe da salatif, wata rana da hantsi ina kan keken ɗinki ya yi ɗif. Na bar aikin mutane na nufi wurin mai gyaran waya a bakin kasuwa, wani mutum mai saurin hannu da saurin baki. Ya juya abin ya taɓe baki.

"Malam, wanga ai ya gama aiki. Ka sayi sabo mana."

Na ce masa wannan nake so. Ya soka a wayar, ya kunna waƙar da ke kai, ya kara na hagun a kunnensa, ya girgiza kai. Sannan ya ɗauki na daman ya saurara.

"Tau, wanga shina yi sarai. Ji ka gani."

Kafin in ɗaga hannu ya cusa mini shi a kunne. Ba da mugunta ya yi ba, shi aikinsa yake yi. Na kama wuyan hannunsa da ƙarfi zan ture, har ya ce lafiya, sai waƙar ta iso wurin da mawaƙin ke yin shiru.

Sarewa ce. Siririya, tana hawa tana sauka, daidai yadda yake yi da hanci, har da 'yar karkarwar da yake yi a ƙarshe wadda nake cewa numfashinsa ne ya ƙare. Masu haɗa waƙar sun ajiye kalangu a hagu, sun ajiye sarewa a dama. Duk shekarun nan ita yake ji, yana ƙoƙarin miƙo mini ita ta hanyar da zai iya. Na saki hannun mutumin na zauna a kan bencinsa. Ban yi kuka ba a lokacin. Ya tambaye ni ko a yanke na hagun a jona wani, na ce a'a, ya bar shi haka.

Na fito ina tafe ina mayar da waƙar baya, in ta wuce wurin in sake mayarwa. Ban koma shago ba. Ban san na iso gida ba sai da na ga Inna a tsakar gida tana tankaɗe. Ta ɗago kamar kullum, ta dubi wuyan rigata, ba ta ga komai ba. Idonta ya hau sama a hankali har ya tsaya a kunnena na dama.

Na kai hannu zan cire, in yi mata bayani, in ce mai gyara ne, in ce ba da gangan ba ne. Ta girgiza kai. Ta ajiye rariyar a kan faifai, ta kakkaɓe garin da ke hannunta a zani, ta daɗe tana kallon jan zaren.

"Bar shi," in ji ta. "Allah shi jiƙan shi."