Ranar da Dabora ta Kai Balkisa Hawan Bene

Dabora mutuniyar Dogondutsi ce, ɗiyar wani mai wa'azi da ya mutu ya bar mata Littafi Mai Tsarki da kaifin baki. Aji shida ta yi a lekol, daga nan aka ɗauke ta mai taimako a wani ɗan gidan likita na Harobanda, ƙetaren kogin Yamai. Aikinta dafa allura, awon jarirai, da shan faɗa duk ranar da magani ya ƙare. Tana ƙarama fuka ta kashe ƙanenta a bayanta, tana goye da shi. Tun daga nan, ko a cikin hayaniyar kasuwa yaro ya ja numfashi da ɗan fiton nan na ƙirji, sai ka ga ta waiga.

A lokacin fari na shekarar tamanin da huɗu, sojoji na kan mulki, mutanen arewa suka gangaro suka kafa bukkokin tabarma bayan unguwa. Itace ya yi wuya, ana girki da kwali da tsumma, hayaƙi na zama cikin bukka tare da yara. Masu fuka suka yawaita. Wani buro, ofishin gwamnati a unguwar Plateau, ya aiko da maganin fesawa a baki, ƴan kwalabe da ba su isa rabin yaran ba. Da yake masu ilmi ba su raba abu da ka, suka haɗo da takarda. Wai za a auna jin daɗin rayuwar kowane yaro, wanda ya fi shan wuya shi za a bar wa kwalba.

Mushe Isaka, wato Malam Isaka a bakin masu Faransanci, shi ne ya kawo takardar, wani ma'aikaci mai tsabta wanda takalminsa bai saba da yashi ba. Tambaya ta farko: yaya jikin yaron a wannan mako? Ta biyu: iyalin suna da wani kuka game da zamansu? Ta uku: matakala nawa yaron ke hawa kafin numfashi ya tsaya masa?

"Mushe," in ji Dabora, "a Harobanda ina muka ga bene?"

"Madam Dabora, takardar ga an gwada ta a ƙasashe goma sha ɗaya."

"To, Allah ya sa su ma suna hawan bene a bukka."

A cikin yaran akwai Balkisa, ƴar shekara takwas, wadda uwarta Aïchatou ta taho da ita daga wajen Tawa bayan dabbobinsu sun ƙare. Balkisa ba ta iya kai ƙarshen gaisuwa da numfashi ɗaya. Aka zaunar da Aïchatou aka karanta mata tambaya ta farko. Ta ba da amsar da uwarta da kakarta suka koya mata, wadda ake bayarwa ko mara lafiya na shure-shuren ƙarshe: "Da sauƙi." Tambaya ta biyu kuwa, ta dubi hatimin gwamnati a kan takardar, ta dubi ƙofa, ta ce sai godiya. A zamanin nan wa zai ce yana da kuka, a kuma rubuta, da sunansa a sama? Gurbin matakala Dabora ta bar shi fari.

Bayan sati uku sakamako ya dawo. Ashe duk Yamai ba inda yara ke jin daɗin rayuwa kamar bukkokin Harobanda. Kowa da sauƙi, kowa sai godiya, gurbin da aka bari fari kuma buro ya karanta shi da cewa yaro bai taɓa tsayawa a kan matakala ba, abin da yake gaskiya ne. Aka soke sunaye da yawa daga jerin masu samun kwalba. Na Balkisa na ciki.

Dabora ta tafi bukkar Aïchatou.

"Ƴar'uwa, in aka sake tambayarki, ki ce ba sauƙi."

"In ce ba sauƙi, Inna Dabora? Allah na ji na."

"Yana jin ƙirjinta ma."

"Ke kin iya faɗi, ke ce ta likita. Ni bakina ba shi iyawa."

Dabora ta gane ko shekara za ta yi a nan ba za ta ciro kalmar ba. Washegari da hantsi ta sa farar rigarta ta aiki, ta jefa kwalbar da ta rage, mai saura kaɗan, a aljihu, ta goya Balkisa duk da girmanta, Aïchatou na biye. Suka ƙetare gada, suka wuce sojan da ke bakinta, wanda ya ga farar riga ya kau da kai. A Plateau, buron Mushe Isaka na hawa na biyu. Dabora ta sauke yarinyar a gindin matakala, ta aika mai gadi ya kira shi.

"Mushe, mun zo cika gurbi na uku. An ce mini nan ne kuke ajiye matakalar."

Kafin ya sami abin faɗi ta ce wa Balkisa, "Hau, ɗiyata. Sannu-sannu. Ina bayanki."

Yarinyar ta hau ɗaya, biyu, tana riƙe da bango. A ta biyar fiton ya fara, har wata mai buga tafireta ta leƙo. A ta bakwai ta zauna, kafaɗunta na ɗagawa, leɓɓanta sun dushe. Dabora ta riga ta ciro kwalbar. Ta fesa mata sau biyu, ta dafa bayanta, suka jira. Sannu a hankali numfashin ya fara sauka.

Mushe Isaka mutum ne mai tarbiyya. Ya juya wajen uwar, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Sannu, baiwar Allah. Yaya jikin nata?"

"Da sauƙi," in ji Aïchatou.

Ya tsaya da alƙalami a hannu, ya dubi uwar, ya dubi yarinyar.

"Wannan ka riga ka rubuta shi, Mushe," in ji Dabora. "Rubuta bakwai."

Ya rubuta. Sunan Balkisa ya koma, da na wasu yara tara da aka sake dubawa a gaban likita, ba tare da an tambayi iyayensu komai ba. Ita kuwa Dabora ta sami tata takardar, mai hatimi biyu: gargaɗi, saboda fitar da mara lafiya ba da izini ba. Aka mayar da ita Tondibia, inda ta yi sauran shekarunta na aiki tana dafa allura a bakin kogi. Can ma ba bene. Idan uwa ta kawo yaro ta ce da sauƙi, Dabora takan amsa da madalla, sannan ta sa kunnenta a bayan yaron.