Yatsu Huɗu Tsakanin Taya da Ƙarfe

Tela ya yi shekara arba'in yana auna mutane, bai taɓa yarda da abin da suke faɗa a kan ƙugunsu ba. Ka ce masa talatin da huɗu, ya ce to, ya zagaya maka tef, ya rubuta arba'in. Da ido ya fara ƙin zura zare a allura, sai ya rufe shago, ya sayi wata tsohuwar mota ya mai da ita aikin yi. Ya sa aka cire tayoyinta aka ɗaura mata manya, irin na motar da ta fi ta, wai ta fi kwarjini. Shi kaɗai yake hawa, ga shi kamar tsinke, don haka ba ta taɓa nuna masa halinta ba.

Sai matarsa ta zame a banɗaki, ƙashin ƙugunta ya karye, aka yi mata aiki. Likita ya ce jibi za a sallame ta, amma kada mota ta jijjiga ta ko sau ɗaya a hanya.

Da hantsi Tela ya tsuguna a tsakar gida, ya zura hannu tsakanin tayar baya da ƙarfen da ke samanta. Yatsu huɗu suka shige. Yayarsa, wadda ta zo riƙe gidan, tana gefe tana ninke wanki.

"Auta, motar da ba kowa ciki kake aunawa? Iska za ka ɗauko daga asibitin?"

Ya miƙe. Ya ɗauko allin ɗinki ya shafe saman tayoyin fari fat, sannan ya buɗe ƙofar baya.

"Yaya, shiga."

"Ni ce buhun gwajin?"

"Faɗinku ɗaya. Ni nake muku ɗinki."

"Ƙarya kake, ta fi ni."

Ta shiga dai tana mita. Motar ta yi nishi ta durƙusa. Ya sake zura hannu, yatsa ɗaya ne ya shiga, shi ma da ƙyar. Ya tayar da mota, ya lallaɓa ya haura kwalbatin ƙofar gida. Baya ya ce gum. Da ya leƙa, ga farin layin alli kwance a jikin ƙarfe.

"Ɗan taɓawa ne kawai," in ji shi.

"Ni mai lafiyayyen ƙashi har cikin haƙori na ji shi. Ita kam sai dai ka juya da ita inda ka ɗauko ta."

Ya daɗe tsaye yana kallon tayoyin nan. Can ya zagaya bayan ɗaki, ya kori kazar da ke kwanci cikin tsofaffin tayoyin, ya gangaro da su. Rana ta take kafin ya gama ɗaure nocin ƙarshe, gwiwoyinsa na ƙara kamar ƙyauren shago. Ya sake shafa alli, ya sake loda Yaya, har da matasan kai da jakar kaya. Sau uku suka haura kwalbatin, ƙarfe bai ɗauki ko ɗigo ba.

Ranar sallama aka turo matar a keken marasa lafiya. Ta ƙare wa motar kallo.

"Ina tayoyin naka na taƙama?"

"Suna gida."

Ya ja mota, masu keke na wuce shi suna waiwaye. Kafin su iso kwalbatin, barci ya ɗauke ta, kuma ba ta farka ba sai da ya kashe inji.