Takalman Ƙofar Kaka

Ba zan rantse cewa komai haka ya faru daidai ba. Shekaru sun ja, kuma na lura duk lokacin da na ba da labarin nan wani abu yakan sauya wuri. Ga dai abin da na riƙe.

Lokacin na gama jami'a ke nan, ina jiran a kira ni aikin gwamnati, ina zaune wurin kakata ta wajen uwa a tsohon Zongon Lome. Idonta ya yi rauni, amma kunnenta da bakinta lafiya lau. Gidan na kwano ne, da ɗan zaure, mijinta ya gina shi da sana'ar goro kafin ya rasu.

A zamanin, duk ranar da shugaba zai dawo daga tafiya ko za a yi babban baƙo, sai a kwashe unguwa kaf zuwa bakin titi, a sa anko, a yi ta rawa da tafi. Animasiyo muke ce masa. Mai neman aiki irina ba ya yarda a ce ba a gan shi a wurin ba. Da rana tsaka Zongo ba kowa sai tsofaffi da awaki, kuma ɓarayi sun san haka kamar yadda muka sani.

A irin wannan rana wani ya yi sallama, ya ce shi duba-gari ne, ya zo duba randa. Kaka ba ta iya ƙin amsa sallama. Ya leƙa randar, ya fita da rediyonta. Da yamma kawuna, ɗanta na fari da ke zaune a unguwar Bè-Kpota, ya iso ransa a ɓace.

"Inna, ko cokali aka sake ɗauka a gidan nan, kin koma wurina. Na gama magana."

Ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba. Ni ta juyo wa, ta kira ni da laƙabin da ta sa mini don na yi bokon Faransanci. "Musye, gaya wa mutumin Bè-Kpota, a nan aka wanke mijina, a nan za a wanke ni."

Daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba. Na sayo kwado, na ce zan riƙa kulle ta ta waje idan zan fita. Ta ce, "In gobara ta tashi fa? Ka dawo ka kwashi toka?" Na sa mata sakata ta ciki, ta ce in ta faɗi a banɗaki wa zai shigo ya ɗaga ta? Duk abin da na kawo sai ta nuna mini inda zai kashe ta, kuma ban iya cewa ƙarya take ba.

Da aka sake shelar animasiyo, sai ta sa na jawo wani buhu daga ƙarƙashin gado. Takalman marigayi ne a ciki. Ta ce in jera su a ƙofar ɗakin da ke kallon zaure, kamar maza sun tuɓe sun shiga. Ta shafa su da hannu ta ce, "Waɗannan sun bushe, kowa ya gani ya san masu su sun tafi. Kawo naka na diflom, na bikin gama jami'a." Takalmin fata ne baƙi, shi kaɗai gare ni na kirki, na ajiye shi don ranar da za a kira ni ofis. Na yi ta kawo dalilai, ta ce, "Mijin banza, takalmi ma ba za ka ba matarka ba?" Na ajiye shi a tsakiya, na fita da silifa.

A bakin titi, wajen unguwar Amoutivé in ban manta ba, jikina yana cikin layi amma tafina ba ya haɗuwa da na kowa. Ina ta lissafin abin da zai faru in ɓarawon ya zo ya ƙi ruɗuwa. Motocin manyan na wucewa, na sulale na kama hanya da gudu.

Na same ta zaune tana jan carbi. Takalman marigayi suna nan, nawa babu. Ta ce wani ya yi sallama da wata murya da ba ta sani ba, ta amsa, sannan ta ɗaga murya ta ce, "Alhaji, in kun idar ga baƙo!" Mutumin ya ce zai dawo anjima. Ta ji ya sunkuya, ta ji ya fita da sauri.

"Kada ka gaya wa mutumin Bè-Kpota," in ji ta. "Takalmi ba cokali ba ne, kuma naka ne, ba na gidan nan ba."

Abinci ya daina shiga mini. In na yi shiru kuma wani abu ya same ta, da wane ido zan kalli kawu? In na faɗa, ni na fitar da ita daga gidanta. Ranar Juma'a bayan masallaci kawu ya zo, ya dube ni ya ce, "An ɗauki wani abu?" Na fara da cewa ya danganta da abin da ake nufi da gida. Ya ce in yi magana kamar mutum. Na faɗa masa duka.

Kaka ta ce da ni, "Tambaye shi, ɓarawon ya tsallake zaure ko a ƙofa ya tsaya?"

Kawu ya daɗe yana kallon takalman mahaifinsa. Bai ce ya janye maganarsa ba, amma bai kawo mota ba. A animasiyo na gaba ya aiko da surukarsa ta wuni da ita, da kuma takalmansa biyu masu sauran ƙyalli. Kaka ta zauna a gidanta har lokacin da aka tashi Zongon gaba ɗaya aka mai da shi bayan gari.

Har yau ban san ko takalman ne suka tsare mutumin ba, ko nawa ne ya ishe shi. Ban kuma tabbata shi ne duba-garin farko ba. Wata 'yar uwa ta ce ba surukar kawu aka aiko ba, ƙanwar matarsa ce. In akwai wanda ya zauna a layinmu a lokacin kuma ya tuna abin ba haka ba, don Allah ya aiko mini in gyara.