Ranar da Shinkafar Inna Ta Yi Tsami

Har yanzu in na bi ta inda aka kafa rumfar tamfol da rana tsaka, na shaƙi warin nan na roba da ta sha zafi, sai raina ya ɓaci tun kafin in tuna dalili. Wataƙila kai mai karatu warin biki yake yi maka. Ni kuwa ƙofar gidanmu yake mayar da ni, a Ƙofar Sauri, shekarar da sojoji suka koma bariki, ina 'yar shekara goma sha uku.

Ƙanen mahaifina, wanda muke ce wa Baffa, shi ya ci kansila a mazaɓarmu. Kafin nan malamin firamare ne mai keke, gida ɗaya muke zaune, kuma tun yana saurayi tuwon mahaifiyata yake ci. An rantsar da su a ƙarshen bazara, lokacin da hadari ke haɗuwa kullum da yamma ya watse ba ɗigo, bango ya yi zafi har ba a iya jingina da shi. Sai Baffa ya ce zai yi walima a filin ƙofar gida, kuma Ciyaman na ƙaramar hukuma da kansa zai zo.

Girki kuwa ba a ma tsaya shawara ba, na mahaifiyata Inna ne. A unguwarmu duk gidan da aka yi suna ko biki, ita ake aika wa ta zo ta tsaya a kan tukwane. Ba sana'arta ba ce. Abin da aka san ta da shi ke nan, kuma tana ji da shi, ko da ba ta faɗa.

Ranar Asabar da hantsi aka zauna a tsakar gida: Baba, Baffa, Gwaggo yayarsu, da Inna. Ina gefen Inna ina tsince wake. Ita ta fara kawo tsarinta. Akwai itatuwan bedi uku a ƙofar gidanmu, inuwarsu kan cika filin bayan la'asar. Ta ce a sa taron a lokacin, a yayyafa ruwa a ƙasa, a shimfiɗa tabarmi da dardumai. Abinci kuma waina, ana toyawa ana fitarwa da zafinta, da miyar taushe, da zoɓo a cikin randa.

Baffa ya yi dariya. A makon nan ya je wata liyafa a GRA, ya dawo da ita gaba ɗaya a kansa.

"Yaya, wannan ai taron suna kike hwaɗi. Mutum kamar Ciyaman zan ce ya zauna tabarma?"

"To a kawo kujeru, ban hana ba. Amma a jera su ƙarƙashin bedi."

"Nan motoci za su tsaya," in ji shi.

Ya lissafo abin da yake so: rumfar tamfol, kujeru, tebura, lasifika, lemon kwalba a cikin ƙanƙara. Abinci kuma shinkafa dafa-duka mai karas da koren wake da hanta, da salak mai ƙwai da kirim. A gama komai da hantsi, a zuba a kula, a kwashe murhu da itace a share wuri, don kada baƙi su tarar da hayaƙi.

Inna ta ce, "Shinkahwa mai kayan lambu ba ta jure zama a ruhe da wannan zahi. In an ruhe ta da hantsi, to a ci ta kahin azahar."

"Sha biyu Ciyaman zai iso."

"In bai iso ba hwa?"

"Yanzu mulkin farar hula ake, Yaya. Komi kan lokaci."

Duk muka dubi Baba, don shi ne babba. Ya ce, "A yi mashi yadda yake so. Ranarshi ce."

Kayan suka iso ranar jajibiri a motar a-kori-kura. Makon nan duk wanda ya ci zaɓe yana walima, fararen rumfuna sun ƙare a wurin masu haya, sai wata shuɗiya mai duhu aka samu. Kujerun roba akwai su, amma Baffa ya zaɓi na ƙarfe, wai sun fi kwarjini. Aka kafa rumfar a tsakiyar fili, inda babu ko reshe ɗaya da zai kare ta.

Tun bayan sallar asuba matan gidan suka hura wuta. Ni na yanka kabeji har yatsuna suka yi sanyi. Kuma ina so ka san wannan: shinkafar nan ta yi daɗi. Na ɗanɗana ta a bakin tukunya, wara-wara, ƙamshinta har zaure. Da hantsi aka cika kuloli aka danne murafe. Inna ta ce aƙalla a bar su a zaure inda akwai sanyi. Baffa ya sa aka fitar da su aka jera a kan tebur ƙarƙashin rumfa, don kowa ya ga yawansu.

Kafin sha biyu fili ya cika. 'Yan unguwa, dattawan masallaci, 'yan acaɓa da leburorin da suka yi masa yawon kamfe, wasu daga ƙauye suka zo ba su karya ba. Ƙarƙashin tamfol ɗin nan kamar cikin tanda. Kujerun da ke bakin rumfa ba su zaunuwa, mutum ya ɗora hannu sai ya janye. Dattawa suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka koma ƙarƙashin bedi, suka tsuguna a tsakanin motoci. Ƙanƙara ta narke, kwalabe na iyo a ruwan ɗumi. Mai lasifika yana ta cewa babban baƙo yana hanya.

Inna ba ta fita cikin maza, don haka ni ta aika. Da aka idar da azahar ta ce in gaya wa Baffa a buɗe a raba wa mutane, ita za ta sake ɗora wa Ciyaman tukunya ƙarama. Ya ce, "Ki ce mata ba a buɗe abinci kahin babban baƙo." Ƙarfe uku ta sake aikena. Ya ce in daina shigowa cikin manya. Na uku ana kiran la'asar, na tsaya a bayan kujerarsa ina faɗa, bai ko waiwayo ba.

Sai da rana ta yi sanyi Ciyaman ya iso, ashe gidaje da dama ya biya kafin namu. Aka yi jawabi, aka yi addu'a, sannan Baffa da hannunsa ya ɗaga murfin kula ta farko. Daga inda nake tsaye a bakin zaure na ji warin. Shinkafar ta saki, ta yi tsami, in an ɗebo da cokali sai ta ja yauƙi. Aka buɗe ta biyu, aka buɗe ta uku. Salak kuwa ya zama ruwa. Ciyaman mutum ne mai kara, ya ce shi a ƙoshe yake, ya kurɓi lemo mai ɗumi, ya yi sallama. Mutanen da suka wuni a rana suka watse da yunwarsu. Ko taliya ba a iya dafa musu ba, tunda an kwashe murhu an mayar da manyan tukwanen aro.

Baffa ya shigo tsakar gida, mata cike, na gida da na maƙwabta.

"Yaya, kin kunyata ni. Da kin ce ba ki iyawa, da na ɗauko masu yi."

Gwaggo ta ce, "Ai tun hwarko ranta bai so ba."

Ban san lokacin da na buɗe baki ba. Na ce, "Sau uku aka aike ni wurinka."

Baba ya ce, "Ruhe mani baki. Da sa'anki kike magana?"

Inna ta ce, "Allah shi ba da haƙuri." Iyakar abin da ta ce ke nan. Ni da ita muka kwashe kulolin muka zubar a bayan gida, ko awaki ba su ci ba.

Labari ya zaga unguwa, kuma ba a ce rumfa ba, ba a ce an rufe abinci wuni guda ba. Cewa aka yi shinkafar Inna ta yi tsami a gaban Ciyaman. Aiken da ake yi mata ya ragu. Daga baya ko an aiko sai ta ce ƙafarta na ciwo. Wata rana muna wanke-wanke na tambaye ta me ya hana ta faɗi gaskiya.

Ta ce, "In hwaɗa ma wa? Babanku da Gwaggonku suna zaune ranar Asabar. Ba mantawa suka yi ba."

Yanzu an daina irin wannan walima a ƙofar gida. Ana kama ɗakin taro mai na'urar sanyi, a ɗauko masu girkin biki, su suke faɗin lokacin da za a buɗe abinci, kuma ana jin maganarsu. An sare biyu daga cikin bedin nan an yi shaguna. Inna ta rasu, Baba ma haka. Baffa zango ɗaya ya yi a kansila, yanzu tsoho ne, ido ya yi rauni.

Bara da Sallah na je gaishe shi, na same shi shi kaɗai a ɗaki. Hira ta kai mu ga walimar, sai na ga in ban faɗa a ranar ba, ba zan sake samun dama ba. Na faɗa masa duka, tun daga zaman tsakar gida har aike na uku. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce shi bai riƙe waɗannan ba, an daɗe.

"Allah ya jiƙan Yaya," in ji shi. "Ai ba a yi mai girki irin nata ba a unguwar nan."

Na duba ɗakin, daga ni sai shi. Na ce amin, na ɗauki mayafina na fito.