Kibiya Mai Gashin Talo-talo

Ni ɗiyar sarkin baka ce. Duk wanda ya zauna shan shayi da ni ya ji wannan magana, wanda ya tsaya kofi na biyu kuwa ya ji ta sau biyu. A ƙauyenmu, gabas da Damagaram, tun ina ƴar mitsitsiya nake zama gefen babana ina miƙa masa kyauro, karan da ake yin jikin kibiya da shi, ina tauna masa jijiya ta yi laushi. Da na soma zama budurwa ya sallame ni daga zaure, domin mace mai jini ba ta taɓa kwarin maharbi. Daga nan sai labari.

Labarin nan na ɗauko har Faransa, shekarar da ɗiyata ta fari ta haihu na zo yi mata wankan jego a wani gari Rillieux, a bene hawa na tara. Wata uku na zo yi, sai zama ya miƙe. Ina da aminiya a Paris, wata Hajiya mutuniyar Cadi mai sayar da turaren wuta, bakinta kamar aska. Wata Ƙaramar Sallah muka je gidanta, falo cike da mata, na soma ba da labarin yadda babana yake kwanton barewa. Ta bar ni har na kai tsakiya.

"Hajiya, don Allah bar mu mu ci abinci," in ji ta. "Shekara nawa muna jin barewar nan, ko ƙashinta ba mu gani ba. Kowa ya zo Turai ubansa sarki ne. Ni ma babana ne ya haƙa Tafkin Cadi."

Mata suka tuntsure da dariya. Na ajiye cokali. Na ce kafin a gama shagalin Babbar Sallah sai ta ci kilishin barewa a falon nan, wadda aka harba da kibiyar da hannuna ya ɗaura. In ban kawo ba, ta kira ni maƙaryaciya a gaban kowa. Ta ce ta ji, mata shaida ne.

Ba da ka na yi maganar ba. Surukina yana aiki a wata masana'anta a Saint-Fons, can ya yi aboki da wani dattijon Bature mai farauta da baka, har shi ma ya yi takardar izinin farauta. Baturen ba ya son kibiyar kanti. Ya ce irin ta wasu mutanen Amurka na asali yake bi, Ceroki ake ce musu, ta kara da jijiya da gashin tsuntsu. Duk Asabar sai su baje kara a kicin ɗinmu suna gasawa a kan gas, rabi ya ƙone, rabi ya fito kamar ƙafar kare. Ina ɗaki ina jin ƙauri, raina yana ɓaci.

Abin da ya ɗaure ni shi ne surukuta. Mijin ɗiyar fari ne fa. In ya shigo falo na shige ɗaki, in mun haɗu a asansar, injin hawa bene, ya dubi sama ni na dubi takalmi. Ta yaya zan zauna in koya masa sana'a? Asabar ta gaba sai na tsaya a bakin kicin, na juya musu baya, na fuskanci firiji.

"Wasu mutane dai," na ce wa firiji, "ba su san ana shafa wa kara mai kafin a kai shi wuta ba. Kuma gaɓa daban ake miƙe ta, tsakanin gaɓoɓi daban. Wanda ya haɗa su itacen girki ya yi."

Surukina ya yi gyaran murya, shi ma ya dubi tukunya. "Allah ya ƙara wa masu magana lafiya. Ko wane irin mai ne?"

"Man shanu. Ba mai gishirin nan ba."

Baturen ya tambayi ɗiyata da Faransanci ko tsohuwar lafiya take. Ta yi masa bayani tana share hawayen dariya. Ya miƙe ya ba ni kujerarsa. Shi ai ba surukina ba ne, na zauna daram. Surukina ya koma baranda cikin sanyi, yana leƙe ta taga.

Jini ya ɗauke mini tun tuni, ba abin da ya hana ni. Shekara hamsin rabona da kara, amma hannu bai manta ba. Na shafa mai, na juya shi a kan wuta har ya yi gumi, na lanƙwasa da babban yatsa, na riƙe ya huce, na rufe ido ɗaya na hanga. Da na mirgina shi a kan tebur ko tsalle bai yi ba. Jijiya kuwa wajen wani Balarabe mahauci a unguwar Guillotière na samo, ta ƙafar sa, na busar a kan ƙarfen ɗumama ɗaki, na daka, na tauna da haƙoran da likita ya yi mini. Sun yi aiki, ban raina ba.

Sai Baturen ya zazzage jaka, ga gashin talo-talo tuli. Na ce a faɗa masa kibiya ba zabo ba ce. Babana ya cika gida da nama bai taɓa liƙa gashi ba. Na ɗaura guda shida tsirara, da faffaɗan bakin ƙarfen da suka ba ni.

Muka je gwaji wani fili bayan gari, ina nannaɗe da bargo. Surukina ya ja tsirkiya ya saki. Kibiyata ta tafi tana kaɗa wutsiya, ta bugi damin ciyawa da gefe. Ta biyu ta shige shinge, har yau ba a gan ta ba. Baturen ya ɗauko tasa karkatacciya mai gashi, ta tafi ɗoɗar ta nutse. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce ɗiyata ta tambaye ni yadda babana yake kashe dabba da irin wannan.

"Da dafi mana," na ce. "Kwankwani. Ko ƙwarzane ya isa, sai a bi sawu."

Ya ɗaga hannu sama, ya ce a ƙasar nan dafi da kurkuku tare suke tafiya.

A mota na auna abin. Kibiyar babana siririya ce, bakinta kamar allura, aikinta ta kai dafi jiki kawai. Wannan ita kanta za ta yi kisan, sai ta shiga ta tarar da zuciya, ga bakin mai faɗi yana kama iska. Kwana uku ina juya maganar a raina. Da na duba na ga saura mako biyar Sallah, na je gaban firiji na ce in gashin nan yana kusa a kawo.

Da furfurata na zauna Bature yana koya mini. Gashi biyu na fiffike ɗaya, a fere su, a ɗaure baya, a ɗan murɗa, a ɗaure gaba. Ta farko na ɓata. Ta uku ya juya ta a hannu ya sa a kwarinsa, na ce ya fito da ita.

Asabar uku suna fita farauta da kibiyoyina, suna dawowa da laka a takalmi kawai. Ta huɗu wayar ɗiyata ta yi ƙara da hantsi, na ji ta yi guɗa. Na ce ta bar guɗa, ta tambayi mijinta ko ya yi bisimilla kafin ya saki. Ya ce sau biyu, don tsoro. Barewar tasu ba ta fi ƴar akuya ba, amma barewa ce. Rana babu, sai a tanda na busar da naman da ƙofa a buɗe, gidan ya yi kwana biyu yana ƙanshin ƙuli-ƙuli da citta.

Washegarin Sallah na hau jirgin ƙasa. Falon ya fi na da cika, an ji labari. Hajiya ta gutsura, ta daɗe tana tauna.

"Akuya ce," in ji ta.

Na buɗe jaka na ɗora mata ƙafar barewar a cinya, da fatarta da kofatonta, da karyayyar kibiyar. Ta yi ihu ta kakkaɓe zane. Sannan ta ɗauki kibiyar ta ƙura mata ido.

"Ba ke kike ce mana ta babanki ba ta da gashi ba?"

"Karan nawa ne, ɗaurin nawa ne. Gashin kam wajen Bature na koya."

"To, mata ku shaida, ba maƙaryaciya ba ce. Amma rabin ɗiyar sarkin baka ce, rabi ɗiyar talo-talo."

Na ce rabin ma ya fi tafkin babanta. Tana zagina tana naɗe sauran kilishin, ta kai ɗaki ta kulle, ta ce baƙi su ci rago.